Na kai Inna tsinkar wardi a Ɗa'ifa: abin da ya ci kuɗinsa da abin da bai ci ba

Matar da ke shirya wannan fita a wurin aikinmu na fara saninta. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Makka, a teburin karɓar marasa lafiya, kuma shugabanninmu sun taɓa ɗauko ta ta kawo mana mai koyar da kwalliya, wai tukwici ga mata ma'aikata. A ɗakin hutawa aka yi darasin bayan an tashi. An sha gahawa, an yi dariya, na kuma koyi yadda ake gyara gira da jagira kawai ba tare da an tsige ko gashi ɗaya ba. Sai dai duk hodar da malamar ta zo da ita babu wadda ta hau fatarmu, mu baƙaƙen da ke wurin. Wadda ta fi duhu a akwatinta aka shafa mini, na duba madubi na gan ni furu-furu. Abin da ya sa na ajiye lambar mai shiryawar shi ne washegari ta kira mu ɗaya bayan ɗaya ta ba da haƙuri, alhali babu wanda ya kai mata ƙara.

Sana'arta ke nan, shirya fita ta mata zalla. Akwai hawan doki, akwai koyon ginin tukwane a Jidda, akwai shiga jirgin ruwa a Abhur, bakin tekun Jidda, sannan idan kakar wardi ta kama sai ta buɗe tafiyar Ɗa'ifa. Kana iya biya wa kanka, kana iya saya wa wani a matsayin kyauta, ta buga kati da sunansa ta aika masa. Duk cinikin a WhatsApp ake yi, kuma tana amsa saƙo da wuri.

Wadda na saya wa ita ce Inna, yayar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Daga Kano aka kawo ta Makka tana amarya, yau fiye da shekara 40, kuma duk wanda ya saba cin tuwo da masa a wajejen Shara Mansur lokacin aikin Hajji, da wuya a ce bai taɓa cin na hannunta ba. Matsalar Inna ɗaya ce, ba a iya yi mata kyauta. Ka kawo atamfa, ta shi maka albarka ta sa a akwati, alhajin farko da zai koma gida ya tafi da ita a kai wa wata 'yar ɗan'uwa da za a aurar. Ka saya mata ɗan kunnen zinariya, ta ce ta ajiye wa jikoki. Kuɗi kuwa ba ya kwana, adashi yake tafiya. Na gaji da ganin kyautata a jikin wasu a hotunan biki. So nake in ba ta abin da ba shi da hanyar shiga akwati. Ɗa'ifa ba ta wuce kilomita 90 daga Makka ba, amma duk zuwan da Inna ta taɓa yi can na ta'aziyya ne ko na biki, a shiga gidan mutane da dare a fito da dare.

Da na miƙa mata katin na karanta mata, sai ta ce, "Ke 'yar nan, fure kuma? Ci ake yi?" Na ce gani ake yi, Inna. Ta ce, "Kuɗin ai da kin ba ni." Na ce an riga an biya, ba a mayarwa. Wannan ne kawai ya sa ta yarda, don Inna ba ta iya kallon kuɗi yana lalacewa.

Riyal 350 na biya a kan kowane mutum, mu huɗu: ni, Inna, ƙanwata da babbar 'yata. A ciki akwai mota zuwa da dawowa, shiga gona, kallon yadda ake tatsar turare, kalaci da abincin rana. Darasin haɗa turare daban ne, riyal 90. Talafirik ma, wato akwatin nan mai ɗaukar mutane da ke tafiya rataye a waya, kowa da aljihunsa. Duk an rubuta wannan a fili tun kafin in tura ko sisi, kuma ba a ƙara mana wani kuɗin ba-zata a hanya ba. Ga wanda ya san yadda wasu masu motocin ziyara suke yi da alhazai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙarfe 3:30 na dare aka ce a hallara, ranar wata Asabar bayan ƙaramar Sallah. Na so in yi ƙorafi, daga baya na gane duk darajar tafiyar a wannan sammakon take. Ƙaramar bas ce mai tsabta, mata 12 da direba da mai shiryawar a gaba. Tun kafin a tashi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar kowa na riƙe da iƙamarta, wato izinin zama a ƙasar, ko katin ko a waya, don akwai shingen bincike a hanya. Wanda takardunsa ba su cika ba kada ya soma, ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Hanyar Alhada muka bi, wadda ke hawa dutse tana nannaɗewa. Makka tana wajen mita 300 ne daga doron teku, Ɗa'ifa kuwa ta haura mita 1,800, Alhada ma ta fi ta tudu, kuma mafi yawan hawan a ɗan gajeren zango ake yin sa. Kunne yana toshewa, mai raunin ciki yana jin jiri. An raba mana leda da alewar na'ana'a tun daga ƙasa, alamar dai sun san hanyarsu. Direban dattijo ne, ba ya gudu, ba ya taɓa waya. Inna ta ja carbi tun daga kwanar farko har muka kai sama ba ta ce uffan ba. A masallacin miƙatin Wadi Mahram muka yi Asuba. Muna fitowa daga mota sanyi ya doke mu, irin wanda mutumin Makka yake mantawa akwai shi a ƙasar nan a watan Afrilu. Mai shiryawar ta rubuta a saƙo cewa a zo da suwaita, Inna ta ce wane irin sanyi bayan azumi. Bargon da ke bayan bas ɗin ya cece ta, kuma da shi ta yini a kafaɗa har hantsi.

Gari na fara wayewa muka shiga gonar. Ƙamshin ya riga mu isa bakin ƙofa.

Wanda bai taɓa ganin wardin Ɗa'ifa ba zai zaci irin jajayen nan ne masu doguwar sanda da ake sayarwa a shagon furanni. Ba su ba ne. Wannan ƙarami ne, launin ruwan hoda, ganyen furensa wajen 30, a kan kurmin da bai wuce ƙirjin mutum ba, jikinsa duk ƙananan ƙayoyi. A ido ba wani abin a zo a gani ba ne. A hanci ne yake da sarauta. Sau ɗaya yake fure a shekara, daga Maris zuwa Afrilu, wajen kwana 40, shi ke nan sai baɗi. Kowane fure da asuba yake buɗewa, kuma man da ke cikinsa rana na ɗagowa yake fara tashi. Shi ya sa ma'aikatan gonar suke shiga tun duhu bai gama yayewa ba, su gama kafin hantsi ya yi zafi. Wanda aka bari yau ba a dawo masa gobe, ya tafi. Duk mai tallar tafiyar wardi da zai ce maka a tashi ƙarfe 9 na safe, ganye zai kai ka ka kalla.

An ba kowa ƙaramin kwando, aka nuna mana yadda ake yi: ka kama ƙasan furen da babban yatsa da manuniya, ka ɗan murɗa, sai ya ɓalle da kansa. An ware mana layi biyu a gefe don kada mu shiga ƙafar ma'aikata, kuma daidai ne, don kafin in tsinki goma wanda ke kusa da ni ya share rabin layi, hannu biyu yake aiki ba ya ko dubawa. Raɓa ta jiƙa mana bakin abaya, ƙaya ta yi wa 'yata zane a hannu, ƙanwata kuma hoto ta tsaya ɗauka har kwandonta ya kusa komawa yadda aka ba ta shi. Inna fa? Ta ɗaure bargon nan a ƙugu, ta naɗe hannun riga, ta shiga layi. Ba ta ɗaga kai ba sai da kwandon ya cika, ta je ta juye ta dawo. Mace ce da ba ta san zaman banza ba, kuma a nan na gane abin da ya sa wannan fita ta dace da ita fiye da kai ta wani babban otal a zaunar da ita a kawo mata faranti. An ba hannunta abin yi. Can sai na ji tana waƙa ƙasa-ƙasa, irin ta masu daka, wadda rabon da in ji ta a bakinta tun ina yarinya.

Mai gonar dattijo ne, ya ce a hannun mahaifinsa ya gaje ta. Shi da kansa ya zagaya da mu, ba yaro ya haɗa mu da shi ba. Ya yi mana bayanin yadda ake sassabe kurmin a tsakiyar hunturu, a rage masa rassa sosai, don sai an yi masa haka yake cika da fure idan lokaci ya yi. Akwai wata al'ada da suke yi wa baƙi, a zaunar da kai a kwararo maka kwandon fure a ka ana ɗaukar bidiyo. Kowa ta yi, har da ni. Da aka zo kan Inna ta ce a'a, wannan almubazzaranci ne. Mai gonar ya ce, "Ya Hajja, a kan zane muke zubawa, duk za mu kwashe su tafi tukunya." Sai da ta duba zanen da idonta sannan ta zauna. Hoton yana wayata, ta runtse ido tana dariya har da wushiryarta a waje.

Daga nan aka shiga ɗakin tatsa, kuma idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya biya riyal 350 ɗin nan, shi zan zaɓa. Dogon ɗaki ne, an jera tukwanen tagulla a kan murhu, kowace da murfi mai tulluwa. Ana auna furen a sikeli, a zuba, a ƙara ruwa, a rufe a liƙe bakin don kada tururi ya sami hanyar fita. Mai gonar ya ce tukunya ɗaya tana cin fure fiye da 10,000. Daga saman murfin bututu ya fita ya ratsa cikin tankin ruwan sanyi, tururin ya huce ya koma ruwa, yana ɗiga a hankali cikin wata babbar kwalba mai siririn wuya. Haka za a yini ana yi da ƙaramar wuta. Man yana tasowa ya kwanta a wuyan kwalbar, ɗan siriri, launinsa tsakanin rawaya da kore, sai a zuƙe shi da sirinji. Duk wannan tarin furen, abin da zai bayar bai wuce tola ɗaya ba, wato giram 12 ba kaɗan, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Tun da na ga haka na daina mamakin yadda kuɗin tola ɗaya yake haura riyal 1,000. Na kuma daina yarda da 'yan kwalaben da ake tallarsu a bakin titi a kan riyal 20 ana rantsuwa wai tsantsar man Ɗa'ifa ne.

Ruwan da ya rage a ƙasan man shi ne ruwan wardi, kuma hawa-hawa ne. Wanda ya fara fitowa suna ce masa arus, shi ya fi ƙarfi da tsada. Na biyu sinu, na ƙarshe sayir, wanda ake zubawa a ruwan sha da kayan zaƙi. An ɗiga mana kowanne a tafin hannu. Inna ta shinshina sau ɗaya ta jera su daidai ba tare da an gaya mata ba. Sannan ta tsaya gaban wata tukunya ta kasa kunne, ta ce wa yaron da ke kula da ita, da Larabcinta na 'yan kasuwa, wutar nan ta yi yawa. Yaron ya dubi maigidansa. Dattijon ya matso ya saurara, ya yi dariya, ya sunkuya ya rage da kansa. Ya ce wuta idan ta yi yawa furen ƙasa yana kamawa, ƙauri ya shiga man, an yi asarar tukunya guda. Inna ta ce ai duk tukunya ɗaya ce. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, mu muka koma 'yan kallo.

Shi ne ya tuna mana cewa idan za a wanke cikin Ka'aba, ruwan Zamzam ake gaurayawa da ruwan wardi, a kuma shafe bangon da man wardin Ɗa'ifa da al'ud. Inna ta san wannan, kowa a Makka ya sani, amma sanin abu daban, tsayuwa a gaban tukunyarsa daban. Mai shiryawar ta ƙara da cewa a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun noman wardin Ɗa'ifa da tatsarsa a jerin kayan gadon duniya. Inna ba ta ga abin da wannan ya ƙara wa furen ba.

Kalaci a kan tabarma aka yi shi a gefen gona: ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi, zuma, man shanu, cuku, da shayi da aka jefa wa fure a ciki. Zumar ta yi kyau ƙwarai. Babu kujera ko ɗaya, kuma mai ciwon gwiwa ya kamata ta faɗa tun kafin ranar. Inna ba ta damu ba, amma wata dattijuwa a cikinmu sai a matakalar bas ta zauna ta ci nata.

Yanzu darasin haɗa turare. A nan ne kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

A wata rumfa aka shirya shi, teburi dogo, kowa da 'yan kwalabe a gabanta da tsinkayen takarda na shinshinawa. Malamar yarinya ce mai fara'a, ta kuma san karatunta. Ta yi bayanin cewa turare hawa uku ne: wanda ke fara dukan hanci ya wuce da wuri, irin su lemo, da na tsakiya, irin su wardi, da wanda ke zama a jiki a kwana da shi, irin su sandal da miski. Sai kowa ta ɗiga wannan ta ɗiga wancan, a cika da sifirit, a girgiza, a manna takarda da sunanka. Minti 40 an gama. Matsala ta farko, abin da ke cikin kwalbar da aka rubuta wa wardi ba shi ne abin da muka shinshina awa ɗaya da ta wuce ba. Na kanti ne, mai kaifi. Da a wani shago a Jidda aka ba ni shi wataƙila ba zan gane ba, amma an yi kuskuren kai hancinmu ɗakin tatsa tukuna. Matsala ta biyu, sifirit ɗin. Na san malamai sun yi saɓani a kansa, ni ina fesawa, amma Inna ba ta salla da turaren da ke da shi, kuma irinta suna da yawa a cikin iyayenmu. Ta tambaya ko akwai na mai, aka ce babu. Da an tanadi ɗan man da ba shi da ƙamshi don irinsu, da magana ta ƙare.

Sai Inna ta ture kwalabenta gefe, ta juya wajen wata 'yar Sudan da ke kusa da ita, ta ce mu a wurinmu ba haka ake yi ba. Ta fara lissafa mata yadda take haɗa humra: a samo farce, wato ɓawon nan na wata halittar teku da ake sa wa turare, a jiƙa a kankare shi tas, a soya shi har ƙarninsa ya mutu, a daka da sandal da miski, a zuba a kwalba a bi shi da turaruka masu mai, a toshe a ajiye a wuri mai duhu, ba a buɗewa sai ya yi makonni. 'Yar Sudan ɗin ta tafa hannu ta ce haka kakarta take yi, sai dai su suna ƙara mahalab da kanumfari. Gardama ta tashi a kan wa ya koya wa wa, Inna ta ce a je a tambayi matan Barno. Kafin a jima rabin teburin ya juyo wajensu, wata Balarabiya tana rubutawa a waya. In faɗi gaskiya, malamar ta yi halin girma, ba ta ɓata rai ba, ta jawo kujera ta zauna tana tambayar yadda ake gane farcen ya soyu. An ji daɗi, amma ba abin da na biya ba ne ya kawo daɗin. Riyal 360 na zuba mu huɗu, kuma kwalaben suna nan a kan madubi, 'yata kaɗai ke fesa nata. Ga macen da ta tashi a gidan da ake turara kaya kowace Juma'a, wannan darasi ba shi da abin da zai ƙara mata. A riƙe kuɗin a sayi ruwan arus a gona.

A masallacin Abdullahi ɗan Abbas muka yi Azahar, a tsakiyar gari. A Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a shekara ta 68 bayan hijira, kuma kabarinsa yana nan gefen masallacin. Ba a sa masallacin Addas a tsarin tafiyar ba, Inna ce ta roƙa, mai shiryawar ta tambayi sauran mata, kowa ta amince, direba ya juya ba tare da ya nemi ƙari ba. Ƙaramin masallaci ne a tsakiyar gonaki. A wannan yankin ne aka ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, a shekara ta 10 bayan aiko shi, bayan mutanen Saƙif sun sa an jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, shi da Zaidu ɗan Harisa. Bawan lambun, Addas, Kirista mutumin Ninawa, garin Annabi Yunusa, ya kawo masa inabi. Tun muna yara Inna take ba mu wannan labari. Ba mu daɗe ba, minti kaɗan ne, kuma ina ganin ya kamata a sa shi cikin tsarin dindindin, tunda mafi yawan masu shiga bas ɗin daga Makka suke.

Abincin rana saliƙ ne da kaza, abincin da mutanen Ɗa'ifa suke taƙama da shi: shinkafa a dafa ta da romo da madara har ta narke, kamar tuwon shinkafar da aka sauke bai gama ɗaurewa ba, a kwarara man shanu a kai, a ci da ɗan yajin tumatir. Mun ƙoshi. Inna ta ce gishiri bai ji ba, amma ban taɓa ganin abincin wani da gishiri ya ji a bakin Inna ba.

Talafirik aka bari na ƙarshe. Daga saman Alhada yake sauka zuwa Alkar a gindin dutse, tafiyar fiye da kilomita 4 a cikin akwatin gilashi da ke rataye a waya. A nan mai shiryawar ta yi sakaci, ba ta sayi tikiti tun da wuri ba, ga shi ranar hutu, muka daɗe a tsaye a layi da tsofaffi. Na ɗauka Inna za ta ce ba za ta shiga ba. Ita ta fara sa ƙafa. Ƙanwata mai bakin cewa ba ta tsoron komai ita ce ta rufe fuska da mayafi tun da akwatin ya bar bakin dutse ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinmu. Daga sama kana ganin titin da muka hawo cikin duhu, kwana bayan kwana, da tsohuwar hanyar duwatsu da masu raƙuma suke bi a da, da garken birai a kan duwatsu. Biran nan kada a yi wasa da su. A bakin titi suke zama, sun saba da mutane, kuma wanda ya fito da leda a hannu ya gayyace su. Inna ta leƙa ƙasa ta daɗe, ta ce, "Yanzu nan mutane suka riƙa hawa da ƙafa?" Sai kuma ta koma tambayar nawa aka kashe wajen kafa wayar.

A shagon gonar na sayi kwalba biyu ta arus da ɗaya ta sayir, Inna kuma ta yi ciniki da dattijon nan har ya ƙara mata ledar busasshen fure kyauta. A sayi ruwan wardi a inda aka ga tukunyarsa, a kuma duba shekarar da aka rubuta a jiki, don na bara yana yawo a kasuwa. Rumman da inabin da aka san Ɗa'ifa da su ba lokacinsu ba ne, sai zafi ya shigo sosai, saboda haka kada a sa rai.

Ga mai son saya wa wata wannan kyauta, a kama wuri tun Fabrairu, don bas ɗaya ce kuma kwanakin kaɗan ne. A tambaya a tabbatar ƙarfe nawa za a shiga gona, ba ƙarfe nawa za a tashi ba. A zo da takalmi rufaffe, ƙasar a jiƙe take. Idan akwai hali a zaɓi tsakiyar mako. Idan an yi ruwa ko hazo ya sauko akan rufe hanyar Alhada, sai a zagaya ta Sail, wadda ta fi tsawo, kuma mai shiryawar ta ce a irin wannan rana takan ɗaga tafiyar ne maimakon a isa bayan an gama tsinka.

Mun shigo Makka bayan Isha, kowa ta yi laushi. Inda aka ɗauke mu nan aka sauke mu, a bakin babban titi, sai da maigidana ya zo da mota ya kai Inna gida. Na rubuta wa matar abubuwa uku washegari: kujeru, tikitin talafirik, da turaren mai. Ta amsa biyu na farko nan take. A kan na ukun ta tambaya ko Inna za ta yarda ta zo ta koyar da haɗa humra a kaka mai zuwa, a biya ta. Na kai saƙo. Inna ta ce a fara gaya mata nawa ne, kuma farcen ita za ta sayo da kanta.